Ƙanwata ta daina cin abinci, ta roƙe ni in taimake ta ta huta: me doka ta ce?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Barista. Ina rubuto maka ne daga Tudun Wada, Kaduna, kuma ina roƙon a sakaya sunana. Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararta 27, ta shekara tara tana fama da ciwon da likitoci suka kira anoreksiya. Tun tana ajin farko a jami'a ta fara rage cin abinci, muka ɗauka gyambon ciki ne, daga baya aka ce sammu ne, aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, abin bai sauya ba. Sau biyu ana kwantar da ita a sashen mata ana sa mata roba ta hanci, ta ɗan murmure a sallamo mu, bayan wata uku a koma gidan jiya. Likitan ƙwaƙwalwa sau ɗaya ya taɓa ganinta, Mama ta ce 'yarta ba mahaukaciya ba ce, ba mu koma ba. Yanzu tana gidana, ni nake jinyarta. Ta karanta a intanet cewa a Holan da wasu ƙasashe likita yana iya taimaka wa mai irin ciwonta ya mutu. Ta sa na yi mata alkawari ba zan sake kai ta asibiti ba, har ta rubuta takarda ta sa hannu cewa ta yafe mini duk abin da ya biyo baya, kuma makon jiya ta roƙe ni in taimake ta ta huta. Baba ya ce a danne ta a yi mata ɗura, in ta ƙi a kai ta gidan mari. Barista, gaba kura baya sayaki. Me doka ta ce a kaina da kanta?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba ta lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Kafin in shiga maganar doka, ki sani wanda ya shekara tara yunwa tana cin jikinsa, har ya kai ga roƙon a taimake shi ya huta, yau yake bukatar likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana nan kusa da ku, haka Barau Dikko, haka asibitin koyarwa na Shika, kuma sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti mayar da mai bukatar kulawar gaggawa. Kafin ku tafi, kada a bar ta ita kaɗai a ɗaki, kuma a kwashe duk maganin da ke gidan a kulle.

Wasiƙarki ta cakuɗa abubuwa uku da doka ta raba: a taimaka wa mutum ya mutu, mutum ya ƙi karɓar magani, da kuma a yi masa magani ba da son ransa ba. Na farkon shi ne mafi sauƙin amsawa, domin ƙofarsa a rufe take ruf a Najeriya, ga likita da ga ɗan'uwa duka. Lambobin da zan kawo na tsohuwar dokar hukunta laifuka ta Arewa ne, wato Final Kod, wadda Jihar Kaduna ta sake wa fasali a 2017. Lambobin sassa sun sauya a sabuwar dokar, amma laifukan suna nan daram. Sashe na 228 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara goma tare da biyan tara ga wanda ya taimaka wa wani ya kashe kansa, kuma taimako a nan ya haɗa da zuga, da haɗa baki, da kawo abin da za a yi amfani da shi. Sashe na 227 ya fi tsanani: idan wanda ya kashe kan nasa bai kai shekara 18 ba, ko ba ya cikin hankalinsa, hukuncin mai taimakon kisa ne. Ki lura da wannan sosai, domin mai gabatar da ƙara ba zai rasa likitan da zai shaida cewa ƙanwarki tana da ciwon da ya taɓa tunaninta ba. Idan kuwa da hannunki kika aikata, an bar maganar taimako an shiga kisan kai. Iyakar abin da yardarta za ta yi miki, bisa sashe na 222(5), shi ne ta sauko da laifin daga wanda hukuncinsa kisa ne zuwa wanda ake iya ɗaure mutum rai da rai a kansa, shi ma sai kotu ta gamsu cewa yardar mai cikakken hankali ce. Likita ma ba shi da wata kariya ta daban, ƙa'idojin aikin likitanci na ƙasar nan sun haramta masa wannan ƙarara.

Saboda haka takardar da ta rubuta ba garkuwa ba ce. Laifin kisa ba bashi ba ne da mai shi zai yafe tun kafin a ci, ƙarar ta hukuma ce, kuma ranar da aka shiga kotu takardar nan ce za ta zama hujja ta farko cewa kin san abin da ake shiryawa. Ta fuskar shari'ar Musulunci ma amsar ɗaya ce. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana mutum kashe kansa, kuma malaman Malikiyya sun yi maganar wanda ya ce wa wani ya kashe shi ya yafe masa, suka ce yafewar ba ta da tasiri, domin ya yafe haƙƙin da bai riga ya tabbata ba.

Alkawarin da kika ɗauka ya fi takardar damuna, domin na san zuciyarki tana raya miki cewa idan kika naɗe hannu kika yi shiru, ba ki aikata komai ba. Doka tana ɗaukar barin abin da ya wajaba a kan mutum tamkar aikatawa. Akwai wata shari'ar Ingila ta 1977 da duk wanda ya karanta lauya ya sani, ta Stone da Dobinson. Wani dattijo ne mai shekara 67, ba ya gani sosai, ba ya ji sosai, yana zaune da wata mata, ƙanwarsa mai wannan ciwo na ƙin cin abinci ta zo ta zauna a gidansu. Ta kwanta a ɗaki, ta ƙi abinci, ta ƙi likita, su kuma suka yi ɗan ƙoƙarin da bai taka kara ya karya ba suka bari, har ta rasu. Kotu ta same su da laifin kisa ba da niyya ba, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, bisa dalilin cewa tun da sun karɓi ɗawainiyarta, ya wajaba su nemo mata taimako lokacin da ta kasa kula da kanta. Hukuncin Ingila bai ɗaure alƙalin Kaduna ba, sai dai lauyoyinmu suna kafa hujja da irinsa, kuma kamannin labarin da naki ya yi yawa. Kin ɗauko ta, kin ajiye ta a gidanki, ke ke jinya. Alkawarin kallon ta tana ƙarewa ba alkawari ba ne da doka ta sani.

Yanzu sai abu na biyu, wanda a nan ne gizo ke saƙar. Ƙanwarki baliga ce, kuma baligi yana da 'yancin ƙin magani a ƙasar nan. A 2001 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Dakta Okonkwo, likitan da ya kula da wata mai jego 'yar ɗarikar Kirista ta Shaidun Jehobah a Inugu, wadda ta ƙi ƙarin jini a rubuce, mijinta ma ya sa hannu, har ta rasu. Kwamitin ladabtar da likitoci ya dakatar da shi wata shida, amma Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta ce baligi mai cikakken hankali yana iya ƙin magani ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa, ta kafa hujja da sassa na 37 da 38 na kundin tsarin mulki. Sashe na 23 na dokar lafiya ta 2014 ma ya wajabta wa likita ya sanar da majinyaci cewa yana da damar ƙi. Yaro ne ba shi da wannan, domin a shari'ar Esabunor ta 2019 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa kotu tana iya ba da umarnin a yi wa jariri ƙarin jini ko iyayensa sun ƙi.

Duk nauyin hukuncin Okonkwo yana kan kalmomin nan ne, mai cikakken hankali. A nan nake son Mama ta saurare ni. Ba wanda ya ce 'yarta mahaukaciya ce, kuma abin da likita yake aunawa ba hauka ba ne irin wanda muka sani a kasuwa. Yana duba ko majinyaci ya fahimci bayanin da aka yi masa, ya riƙe shi, ya auna amfani da illa, sannan ya faɗi zaɓinsa, kuma ana yin awon ne a kan hukunci guda a lokaci guda. Ƙanwarki tana iya sayar da atamfa ta waya, ta yi lissafin ribarta daidai, ta yi miki gyara a karatu, amma idan aka ajiye mata kofin kunu, ciwon ne yake riƙe da ma'aunin. Matar Inugu ta ƙi jini ne saboda aƙidar da take kai tun tana da lafiya. Mai anoreksiya kuwa ƙin abincin shi ne ciwon kansa, don haka tambayar wa ke magana, ita ko ciwon, ba ta amsuwa a falon gida. Yunwa ma ita kaɗai tana sauya tunani. A 1944 zuwa 1945 masu bincike a Minesota ta Amurka sun sa maza 36 lafiyayyu a kan kusan rabin abincinsu na tsawon wata shida, sai ga su da baƙin ciki, da gudun mutane, da tunanin abinci dare da rana. Wata shida ke nan, ga lafiyayyu. Ki auna shekara tara.

Idan likitoci suka auna suka ga ba ta da ikon yanke wannan hukunci, akwai hanyar da doka ta buɗe. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta yarda a kwantar da mutum ba da yardarsa ba idan ciwon ƙwaƙwalwa ya sa rayuwarsa ko ta wasu cikin haɗari na kusa. Ta ɗora abin a kan binciken likitoci, ta iyakance lokacin, ta kafa kwamitin da ake kai wa ƙorafi, kuma ta bar wa majinyaci haƙƙin a yi masa bayani a mutunta shi. Dokar ta tarayya ce, asibitin Barnawa ma na tarayya ne, don haka shi ne wurin da ya fi dacewa ku fara wannan magana. Idan aka samu saɓani tsakanin dangi, ko likitoci suka yi ɗari-ɗari da ciyar da ita ta roba alhali tana ƙi, lauya yana iya shigar da bukata gaban Babbar Kotun Jiha tare da rantsuwa da rahoton likitan ƙwaƙwalwa, a nemi umarnin kotu. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya zuwa Hukumar Ba da Tallafin Shari'a.

Shawarar Baba kuwa, duk da na san ƙauna ce ta kawo ta, ba ta cikin wannan hanya. Danne baliga a yi mata ɗura cin zarafi ne a doka, kulle ta kuma tsarewa ce ba bisa ƙa'ida ba, ko uba ne ya yi. Mutanen Kaduna ba su manta da Satumbar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum wajen 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da mari a ƙafa. Ban da doka, ɗura tana iya kashe ta. Abinci yana iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu, sannan jikin da ya daɗe cikin yunwa idan aka cika shi da abinci lokaci guda, gishirin jini irin su fosfet da fotasiyam suna faɗuwa, zuciya ta rikice. Shi ya sa a asibiti ake farawa kaɗan-kaɗan ana gwajin jini kullum. Na taɓa zama da wani uba a ofishina wanda ya yi ta maimaita cewa ai kunun gyaɗa ne kawai, kamar sunan kunun zai sauya abin da ke rubuce a takardar tuhuma.

Bari in koma kan abin da ta karanta a intanet, domin idan ba ki san shi kamar yadda ta san shi ba, za ta rinjaye ki a magana. Gaskiya ne Holan da Beljiyam sun halatta wa likita wannan tun 2002. A Holan sharuɗɗan su ne roƙon ya fito daga majinyaci da kansa bayan dogon nazari, wahalar ta kai wadda ba ta jurewa kuma ba alamar sauƙi, ba wata mafita mai ma'ana, wani likita na daban ya duba, sannan kwamiti ya bi diddigi bayan an yi. A 2024 mutum 9,958 suka mutu ta wannan hanya a can, 219 daga cikinsu saboda ciwon ƙwaƙwalwa. Kanada ta halatta a 2016, amma ta yi ta ɗage shigar da masu ciwon ƙwaƙwalwa zalla, yanzu har zuwa Maris 2027, saboda likitocinta sun kasa daidaitawa kan yadda za a tabbatar irin wannan ciwo ba zai warke ba. A jihohin Amurka irin su Oregon da Kolorado sharaɗin shi ne ciwon ajali wanda ake tsammanin zai kashe mutum cikin wata shida. A 2022 wata likita a Kolorado, Jennifer Gaudiani, da abokan aikinta suka wallafa labarin majinyata uku, biyu daga ciki an rubuta musu maganin mutuwa, suka ba da shawarar a amince akwai matakin anoreksiya da ya zama ciwon ajali ga wanda ya kai shekara 30 kuma ya riga ya samu kulawa mai inganci. Suka sha suka daga likitoci da waɗanda suka warke. A 2024 wasu masu bincike biyu, Chelsea Roff da Catherine Cook-Cottone, suka tattara rahotanni, suka gano aƙalla mutum 60 masu ciwon cin abinci da aka taimaka wa suka mutu a Holan da Beljiyam da Amurka tsakanin 2012 da 2024.

Masu goyon baya ba marasa imani ba ne duka, kuma hujjarsu tana da nauyi. Suna cewa azabar ƙwaƙwalwa ba ta gaza ta sankara ba, cewa mutum ya shekara goma sha biyar ana danne shi ana zura masa roba shi ma azabtarwa ce, kuma ciwon yana kisa da gaske: wani babban nazari na 2011 ya nuna masu shi suna mutuwa kusan ninki shida na sa'o'insu, kuma ɗaya cikin biyar na waɗanda suka mutu kansu suka kashe. Kotunan Ingila ma, inda taimaka wa mutum ya kashe kansa laifi ne mai ɗaurin shekara 14, sun rabu bisa yanayi. A 2012 wani alƙali ya ba da umarnin a ciyar da wata mata mai shekara 32 ko ba ta so, a 2012 ɗin kuma, da 2014, wasu alƙalan suka yarda a daina tilasta wa wasu mata biyu, domin tilastawar ta daina amfani. Ki lura a can ma alƙali ne ya yanke, bayan ya saurari likitoci, kuma daina tilastawa daban yake da miƙa wa mutum abin da zai kashe shi.

Ni dai inda na tsaya shi ne, duk gardamar ta rataya a kan cewa ciwon ba zai warke ba, kuma wannan magana ce mai wuyar faɗa a kan anoreksiya. Masu bincike a Boston ta Amurka sun bi wasu mata tsawon shekara 22, suka wallafa sakamakon a 2017. A shekara ta tara kashi 31 cikin ɗari ne kawai suka warke, amma a shekara ta 22 adadin ya kai kusan kashi 63. Wato rabin waɗanda suka warke, da an yanke musu hukunci a shekara ta tara, inda ƙanwarki take yau, da an ce ba su da rabo. Sankara idan ta ci jiki ba abin da likita zai mayar, amma mafi yawan ɓarnar yunwa abinci yana gyara ta. Sannan ko sharuɗɗan Holan aka ɗauko, ko na likitar Kolorado, ƙanwarki ba ta cika su ba, domin dukkansu sun ginu a kan cewa an gwada magani na gaske an gaza. Kwanciya biyu a sashen mata da roba a hanci maganin yunwa ne. Maganin ciwon kansa shi ne dogon zama da likitan ƙwaƙwalwa da masanin halayya da masanin abinci, tare da duba baƙin ciki ko wani abin da ya same ta a baya wanda ba ta faɗa ba, kuma a shekara tara sau ɗaya tak aka taɓa wannan ƙofa. Gajiyarta gaskiya ce, amma ba a gwada maganin ciwon kansa ba tukuna.

Wani tsoro da na san yana hana dangi zuwa asibiti shi ne sashe na 231 na Final Kod, wanda ya sa yunƙurin kashe kai ya zama laifi mai ɗaurin shekara ɗaya. Ƙin abinci saboda ciwo ba shi ne wannan laifi ba, faɗin cewa mutum ya gaji da rayuwa ma ba laifi ba ne, kuma sashe na 26 na dokar 2014 ya wajabta wa asibiti riƙe sirrin majinyaci. Ki gaya wa likita komai, har roƙon da ta yi miki makon jiya.

Game da alkawari, kada ki yaudare ta da cewa unguwa za ku je. Ki zauna kusa da ita ki gaya mata kin janye shi, kuma ki gaya mata abin da za ki iya ɗauka a madadinsa: ba wanda zai yi mata ɗura, ba wanda zai kai ta gidan mari, kuma duk abin da likita zai yi sai an yi mata bayani kina wurin. Za ta yi fushi, ƙila ta kwana biyu ba ta kula ki ba. Idan da sunan Allah kika rantse, malaminku zai gaya miki kaffarar rantsuwa ciyar da miskinai goma ce, ko tufatar da su, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana uku. Ki tafi da Baba da Mama idan za su bi ki, domin gara su ji bayanin daga bakin likita. Ki ɗauki katunan asibitin baya da takardun sallama da sakamakon gwaje-gwaje, ki rubuta ranar da ta fara ƙin abinci gaba ɗaya da duk lokacin da ta suma ko ta yi kukan bugun zuciya, ki nemi a rubuta sakamakon awon hankalinta a fayil. Takardar da ta sa wa hannu kuma kada ki yaga ta, kada ki ɓoye ta a ƙasan akwati, ki miƙa wa likitan ƙwaƙwalwa ya karanta a ranar farko.